Jikana da Gudun Jarvis Mabry

Asabar, 5 ga Oktoba, da hantsi

Babu wanda ya taɓa shi. Wannan nake so in fara rubutawa tun hannuna bai ƙi ba. Jiya a wasan ƙwallon Amurka na sakandaren garinmu, ina zaune a mazaunina na kullum kusa da 'yan badujalar makaranta, kuma idona bai mutu ba tukuna. Aka miƙa wa Jarvis Mabry ƙwallo, ya rungume shi a ƙirji, ya yi ɗan tsayin nan nasa a bayan ƙattin gaba masu buɗe masa hanya, kamar wanda ya tuna ya bar wani abu a gida. Hanya ta buɗe ta hagu, ya shige. Ya yi nisa. Sai ya rage gudu. Sai ya durƙusa, ya ajiye ƙwallon a kan ciyawa a hankali kamar ƙwai, ya kwanta kusa da shi.

Babu wanda ya taɓa shi.

Jirgi mai saukar ungulu ya sauka a tsakiyar fili. Tun zamanin da makarantarmu ta baƙar fata daban ta fararen fata daban nake kallon ƙwallo a garin nan, ban taɓa ganin haka ba. Uwarsa Yvette ta bi gadon da aka ɗora shi a kai da takalmi ɗaya. Ba a ƙarasa wasan ba.

Na nemi jikana Cornell da ido. Yana tsaye a bakin layi inda ya saba tsayawa, hular kwanonsa a hannu, rigarsa fes babu ko ɗigon ƙasa. Har jirgin ya ɓace bai sauke kansa ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba, da yamma

Cornell bai zo ba. Na soya tarwaɗa ta mutum biyu, ga ta nan ta huce.

Tun da matata Odessa ta rasu, Lahadi ce kaɗai ranar da ake magana a gidan nan. Shekara uku ke nan Cornell yana bayan Jarvis. Dukansu masu gudu da ƙwallo ne, ajinsu ɗaya, bana za su gama sakandare, amma gurbi ɗaya ne a fili, kuma Jarvis ba ya gajiya. Don haka aikin Cornell daga Litinin zuwa Alhamis ne. A wurin atisaye sai a ɗora masa rawayar riga, ya zama mai gudun garin da za mu kara da shi ran Juma'a, masu tsaron bayanmu su koyi yadda za su kayar da shi. Ran Lahadi yakan zo da bidiyon yaron wancan garin, mu ture teburin falo, yana gwadawa ina gyara masa. "Sauke kafaɗar dama. Ba ka ga yaron nan tsoron gwiwarsa yake yi ba?" Kafin rana ta faɗi sai ka ga ɗan wani gari tsaye a falona. Ya ce, "Kaka, da kai ne koci da tuni an kore ka, masifarka ta yi yawa." In ce, "Da ni ne koci da kai ma ruwa za ka riƙa rabawa."

Yau teburin yana inda yake.

Litinin, 7 ga Oktoba, da safe

'Yata Renita ta kira daga wurin aiki. "Baba" kawai ta ce, na ce mata na gane, ba sai ta ƙarasa ba.

Na fito da baƙar kwat ɗina. Ta yi mini yawa yanzu.

Laraba, 9 ga Oktoba, da rana

Na je aski wurin Hosea, ba don gashi ba, don in ji muryar mutane. Ina shiga ya ce, "Ga Malam Gaskin ya kawo mana silin gashinsa guda uku, a ba shi kujerar manya." Babu wanda ya yi dariya sosai. Aka yi ta juya maganar. Wani ya ce zuciya ce. Wani ya ce zafin rana ne na watan jiya. Wani ya ce akwai wanda ya san wani abu bai faɗa ba. Ban sa baki ba, ba zan kuma rubuta sauran abin da aka ce ba.

Can sai Odell direban babbar mota ya gyara zama ya ce, "To, jama'a, ba don komai ba. Wa zai ɗauki ƙwallo?"

Na ɗauka za a yi masa tsawa. Sai na ga kowa ya juyo.

Hosea ya ce, "Jikan Malam mana. Ai shi ne na biyu."

"Wanne? Mai rawayar riga? Malam, kada ranka ya ɓaci, amma ni ban taɓa ganin yaron nan ya yi gudu da sunansa ba."

"Kai da tumbinka ya hana ka ganin ƙafarka, me kake gani?"

"Ina ganin teburin gasa dai. Wasa huɗu suka rage, in muka ci uku mun shiga gasar jiha."

Jarvis yana can bai ko shiga ƙasa ba. Na tashi rabin kaina a aske na fito. Hosea ya biyo ni da tawul har bakin titi yana cewa, "Lemuel, dawo, za ka tsorata yara."

Alhamis, 10 ga Oktoba, da yamma

Koci Strickland ya zo gida. Na koya masa lissafi yana yaro, har yanzu in ya zauna gabana sai ya haɗe gwiwoyi. Idonsa ja wur. Ya ƙi shan shayi.

Ya ce an ɗage wasan gobe, amma na mako mai zuwa yana nan, kuma yaran da kansu suka ce za su buga. Daga nan ya yi mini bayani kamar shi ne malamin. Duk tsarin wasanmu a kan ƙafar Jarvis aka gina shi. Ƙattin gaba sun saba da ɗan tsayin nan nasa, sun san lokacin da za su riƙe da lokacin da za su saki, mai miƙa ƙwallo ya san inda hannun Jarvis yake ko da idonsa a rufe. Ba za a sake koya wa mutum goma sabon abu cikin mako guda ba.

Na ce, "To ai da ma kun yi tanadin wanda zai gaje shi."

Ya ce, "Mun yi, Malam, amma na baɗi. Akwai wani ɗan aji ɗaya da muke raino. Ƙashinsa bai yi ƙwari ba, in na sa shi yanzu za a karya shi."

Wato Cornell bai taɓa kasancewa cikin tanadin ba. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba.

"Malam, babu mai gudun da Cornell ya kasa zama a jihar nan. Shekara uku yana tsaye bayan Jarvis yana kallonsa. Abin da nake roƙo, ya yi mana Jarvis. Wasa huɗu kawai."

Na ce, "Shi ba shi da nasa gudun ne?"

Ya daɗe yana juya hularsa. Ya ce, "Ban sani ba, Malam. Ban taɓa dubawa ba."

Bayan ya tafi na zauna in tuna yadda jikana yake gudu in ba a ce ya zama kowa ba. Na daɗe a zaune.

Asabar, 12 ga Oktoba, da yamma

Coci ya cika har waje. Yaran sun zo cikin rigunansu na wasa. Da suka ɗauki akwatin gawar, Cornell ne a gaba ta hannun hagu, kafaɗarsa ba ta karkata ba. Mata sun kai kaji da burodin masara da ganye gidan Yvette, abinci har kan injin wanki, ita ko ruwa ba ta sha ba.

Jarvis duk inda ya gan ni sai ya ɗaga murya, "Farfesa! Biyu da biyu nawa ne bana?" ya jefa kai baya ya yi ta dariya. Shi kaɗai yake kirana haka.

Ƙafafuna sun kumbura. Ban ci komai ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da yamma

Ya zo. Bai gaishe ni da tsokana ba, ya ture teburin da kansa ya kunna bidiyo. Na ga lambar rigar Jarvis na kawar da kai.

"Kaka, duba mini."

Na ce ba zan duba ba. Ya ce, "Kowa ya ce in yi. Mama ma ta ce in yi. Kai kaɗai ne ka san inda nake kuskure." Ya tsaya a tsakiyar falo, ya sunkuya, ya doki gefen kansa sau biyu da tafin hannu kamar yadda wancan yake dukan hular kwano kafin a ba shi ƙwallo. Ya yi taku, ya tsaya, ya karkata. Ya kusa, amma da saura. Bakina ya riga ni. Na ce, "Ba da diddige yake tsayawa ba, da yatsu ne. Kuma ba ya kallon hanyar da zai bi."

Ya sake.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Jiya na ga an rufe akwatin da idona. Yau ga shi tsaye tsakanin kujerar Odessa da talabijin, yana numfashi.

Na ce ya isa, ya je gida.

Laraba, 16 ga Oktoba, da safe

Ban yi barci ba. Shayi ya zube a wandona.

Asabar, 19 ga Oktoba, da hantsi

Mun ci 'yan garin Kinlock jiya. Ba wannan ne labarin ba.

An yi shiru na minti ɗaya, aka ajiye hular Jarvis a kan benci. Da aka fara, Cornell ya tsaya a gurbin, da tasa rigar da tasa lambar, ya doki hularsa sau biyu. Na ji matar da ke bayana ta ce, "Yesu." Aka ba shi ƙwallo, ya tsaya kan yatsu, ya dubi dama, ya bi hagu. Filin nan gaba ɗaya ya yi tsit, har ana jin ƙarar takalmansa. Da ya ƙetare layin ƙarshe, inda ake cin maki, mai sanarwa ya ce, "Jarvis Mab..." ya yi shiru, lasifikar tana ta huci.

Ban san Yvette ta zo ba sai da ta miƙe. Ta kira sunan ɗanta da irin muryar da ake kiran yaro ya shigo ya ci abinci. Ba kuka take ba. Da kuka ne da ya fi sauƙi. Sai wasu suka karɓa, sai kowa ya karɓa, da ganguna da komai. Sau uku ya ƙetare layin, sau uku suna kiran sunan.

Odell ya rungume ni har ya kusa karya mini haƙarƙari. "Malam, na janye maganata! Ashe zinariya kake ɓoyewa a falo!"

Na yi ta dubawa in ga jikana a filin nan. Ban gan shi ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da yamma

Bai zo ba. Yvette ta gayyace shi cin abinci bayan coci. Renita ta ce sai da ya zauna a teburin sannan matar ta iya haɗiye loma, karon farko tun ranar. Me zan ce? In ce kada ta ci?

Talata, 22 ga Oktoba, da yamma

Ya biyo ya kawo mini maganin hawan jini daga kantin magani. Tun daga taga na ga tafiyar, a kan yatsu, kafaɗa tana rangaji. Ba fili ba ne nan, matakalar gidana ce. Na zuba masa wake da shinkafa, ya buɗe kabad ya ɗauko kwalbar yaji ya zazzaga har abincin ya yi ja. Yaron da ko barkono ɗaya ya shiga miya sai ya yi ta tari.

Na ce, "Yaushe ka fara cin yaji?"

Ya jefa kai baya ya yi dariya. "Haba Farfesa, abinci ba yaji ai magani ne."

Cokali ya faɗi daga hannuna. Ya sunkuya ya ɗauko mini, bai ma san abin da ya ce ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, da safe

Farfesa.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da rana

Na kira Renita. Ta ce, "Baba, don Allah ka bar yaron nan ya sha iska. Shekara uku ana tumurmusa shi a atisaye babu wanda ya san yana raye. Yanzu mutumin jami'ar nan da yake zuwa kallon Jarvis ya ce zai dawo ya gan shi. Karatu kyauta, Baba. Ka san abin da nake samu a kamfanin kaji. Yau ko'ina ya shiga an san shi."

Na ce, "An san wa?"

Ta ce layin aiki ya tashi, za ta kira ni. Ba ta kira ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, da hantsi

Ban je wasa ba jiya. Tun ranar jana'izar Odessa ban taɓa fashin wasan gida ba. Na rufe tagogi, amma filin bai da nisa, iska kuma ta nan take kaɗawa. Na ji sunan sarai.

Mun ci.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da yamma

Ya zo daga gidan Yvette, bai zauna ba.

"An ce ba ka zo ba."

Na ce, "Wa zan je kallo?"

"Ni mana."

"Kai wa?"

Na ce masa na san abin da ake bin sa da shi, na san matar nan, na san jami'a. Na ce ni dai jika ɗaya gare ni, kuma tun ranar da jirgin nan ya tashi ban sake sa shi a ido ba.

Ya ce, "To in na daina, me zan yi in an miƙo mini ƙwallon? Faɗa mini. Kai ne mai ido. In na tsaya a wurin nan ba na jin komai a ƙafata sai nasa. Kafin nasa na yaron wani gari ne, kafin shi na wani. Ka taɓa cewa in yi nawa ka gani?"

Ya jingina da bango, ya ci gaba.

"Kuma in na daina, ita fa? Jiya ta gyara mini kwalar riga. Ta ce in riƙa sa rigar sanyi, ƙirjina ba ya son iska." Ya shafa fuskarsa. "Ƙirjina lafiya lau yake."

Ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ƙara wani abu. Sai ya doki gefen kansa sau biyu ya fita.

Talata, 29 ga Oktoba, da rana

Na faɗi a banɗaki. Ban karye ba. Na daɗe a ƙasa kafin in kama bakin baho in tashi. Ina kwance ina tunanin wa zan kira, kuma da wane suna zai amsa.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da yamma

Hosea ya zo da reza ya ƙarasa askin da ya fara tun makonni. Ya ga goshina ya ce, "Wa ka yi dambe da shi, baho?" Na gaya masa komai. Bai yi ba'a ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan.

Ya ce, "Lemuel, gari guda ba zai ji maganarka ba. Mutane sun samu inda za su ajiye baƙin cikinsu, ba za su ɗauke ba."

Na ce ba gari nake so ya ji ni ba. Na ce gobe ya zo da motarsa.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Ba ni da murya. Hosea ya kawo zuma da lemon tsami ya ajiye ya tafi yana gunaguni. Bari in rubuta tun ban manta ba.

Ya ɗauke ni kusan a hannu har mazaunina. Mutumin jami'a yana can sama da jar hularsa. Yvette tana layin gaba. 'Yan garin Oakvale ba yara ba ne, an zo ƙarshen wasa suna gabanmu da kaɗan, ƙwallo a hannunmu, layin ƙarshe yana nan kusa. Kowa ya miƙe, ganguna suka ɗauka, aka fara kiran sunan nan.

Na ce wa Hosea ya ɗaga ni. Na kama ƙarfen gabana, na jira inda suke jan numfashi tsakanin kira da kira, na ce, "Cornell!"

Abin da ya fito kamar kukan tsohuwar ƙofa. Na sake. Na kusa da ni suka juyo. Wata ta ce, "Baba, zauna mana." Odell ya ce, "Malam, ba yanzu ba, za ka karya mana sa'a!" Na sake. Yvette ta waiwayo ta dube ni, na dube ta, ban daina ba. Ta zauna a hankali, ta ɗora hannuwanta a cinya, ba ta ƙara kiran kowa ba.

Hosea ya ce, "Kai dai ka cuce ni, tsohon banza. Ba za a ce kai kaɗai ka haukace ba." Ya buɗe wannan maƙogwaron nasa na mawaƙan coci. Mu biyu, cikin mutum dubbai.

Yaran suka jeru. Ya sunkuya a gurbinsa, ya ɗaga hannu zai doki hular. Hannun ya tsaya a sama. Sai na ga hular kwanon nan ta juyo, ta bar ƙattin gaba, ta bar ƙwallo, tana neman layin kujerunmu. Mai gudu ba ya kallon 'yan kallo, ko ɗan aji ɗaya ya san wannan. Aka saki ƙwallo yana kallonmu. Ya makara, ya karɓa a hagunce, ya rasa ta inda zai bi, ya sunkuyar da kai ya yi gaba kawai kamar ɗan maraƙi. Ƙatti uku suka haɗu a kansa suka mayar da shi baya suka danne.

Filin duk ya yi tsaki. Koci Strickland ya jefar da hularsa. Mutumin jami'a ya rubuta wani abu. Ba mu ci wasan ba, kuma na san abin da za a faɗa a shagon aski har Kirsimeti, na san abin da Renita za ta ce mini in ta huce ta kira.

Da suka ɗaga shi ya miƙe, ciyawa a fuskar hularsa, laka har wuya. Ya tsaya da ƙafafunsa a warwatse, hannuwa sake, bai san inda zai sa su ba. Tsayuwa mara kyau, ba ta kowa ba. Ban taɓa ganinta a wani bidiyo ba.

Na gan shi.